Yini Guda a Rumfar Udvar-Hazy: Yadda Ake Kallon Jirgin da Ya Daina Tashi

Gidan tarihin jiragen sama da kumbuna na ƙasar Amurka, wanda ke ƙarƙashin cibiyar Smithsonian, gida biyu ne, amma yawancin baƙi ɗaya suka sani. Na tsakiyar birnin Washington, wanda aka buɗe a 1976, shi ne ya yi suna. Can ne ake ajiye jirgin da Wilbur Wright da ƙanensa Orville suka tayar a 1903, da kumbon Apollo 11 da ya dawo da mutanen farko da suka taka wata. Sai dai wurin ba shi da fili. Manyan kayan da ba su shiga can ba an kwashe su zuwa Chantilly a jihar Virginia, fiye da kilomita 40 yamma da birnin, daf da filin jirgin sama na Dulles. An buɗe wannan reshe ranar 15 ga Disamba, 2003, aka sa masa sunan Steven F. Udvar-Hazy, wani haifaffen Hungary da ya yi arziki da sana'ar ba da hayar jirage, ya kuma ba da gudummawar dala miliyan 65. Idan yini ɗaya gare ka, kuma jirage ka zo gani da idonka ba hotuna da allunan bayani ba, to nan za ka nufa.

Shiga kyauta ce, ba kuma a buƙatar ka yanki tikitin lokaci tun kafin ka zo kamar yadda ake yi a gidan cikin gari. Ana buɗewa ƙarfe 10 na safe, a rufe 5:30 na yamma, kullum in ban da ranar Kirsimeti. Mai mota zai biya dala 15 kuɗin ajiyewa. Wanda ba shi da mota sai ya hau jirgin ƙasan birnin, layin da ake kira Silver, ya sauka a tashar Innovation Center, daga nan bas mai lamba 983 ta kai shi har ƙofa. Duba jadawalin bas ɗin tun daren jiya, domin ba ta zuwa a kai a kai. A bakin ƙofa za a binciki jakarka. Kada ka zo da wuƙa ko da ta yankan farce ce, kuma ba a yarda da sandar ɗaukar hoton kai ko ƙafafun kafa kyamara ba. Ka sa takalmin da ba ya matse ka. Daɓen siminti ne, babbar rumfar kuma tsawonta ya kusa mita 300, za ka kai ka komo a cikinta har ƙafa ta gaya maka.

Ƙofar shiga ba a ƙasa take sauke mutum ba, a kan wani dandali take fito da kai, daga nan kana hangen rumfar gaba ɗaya. Dama da hagu jirage ne, wasu a ƙasa, wasu rataye da wayoyin ƙarfe a hawa biyu sama da su. A nan ne ake yin kuskuren da ke cinye yinin mutum: a zaro waya, a bi layi ana ɗaukar hoton kowane jirgi, kafin azahar an gaji, an tara hotuna tuli, ba a iya tuna ko ɗaya. Jiragen da ke nan sun fi 150, ban da kayan sararin samaniya. Ka zaɓi shida ko bakwai ka ba su lokaci sosai, sauran ka gaishe su a tsaye.

Ga yadda ake kallon wanda ka zaɓa. Kada ka fara da allon bayani. Zagaya jirgin tukuna, daga hanci ka bi gefe zuwa wutsiya ka dawo ta ɗaya gefen, kana tambayar kanka me ya sa aka yi kowane sashe haka. Fiffiken a miƙe yake ko ya kwanta baya? Injin farfela ne ko na jet, kuma ina aka maƙala shi? Jikin yadi ne da katako, ko ƙarfe? Kan ƙusoshin a waje suke ko an shafe su sun yi daidai da jiki? Tayoyin suna naɗewa ciki ko a sake suke? Babu abin da aka sa wa jirgi don ado, saboda duk kilo ɗaya na nauyi mai yake ci. In ka gama zato, sai ka karanta allon ka ga inda ka dace da inda ka kauce.

Wanda zai fara tare ka shi ne baƙin nan mai dogon hanci da ke fuskantar dandalin, SR-71, jirgin leƙen asiri da kamfanin Lockheed ya ƙera a zamanin Yaƙin Cacar Baka. Sauka ka matsa kusa da fiffikensa. Za ka ga wani sashe na fatarsa ba sumul yake ba, kwari-kwari ne. Dalili shi ne zafi: jirgin yana gudun da ya ninka na sauti sau uku a tsayin kusan kilomita 26, iska tana gogar jikinsa har ƙarfen ya buɗe, kwarin nan ne ke ba shi damar miƙewa ba tare da ya tsage ba. Saboda haka ma aka bar 'yan giɓi a mahaɗan tankunan mai, har yakan yi yoyo in yana ƙasa, sai ya yi zafi a sama su toshe. Akasarin jikinsa titaniyam ne, kuma abin dariyar shi ne daga Tarayyar Sobiyet aka sayo mafi yawan ƙarfen ta hannun kamfanonin bogi. Dubi tsinin da ke bakin kowane inji. Yana ja da baya ne gwargwadon ƙaruwar gudu, don ya rage wa iska ƙarfi kafin ta shiga, in ba haka ba injin ya shaƙe. An ƙera guda 32, 12 sun salwanta a haɗurra, ba a taɓa harbo ko ɗaya ba. Wannan na gabanka a 1974 ya tashi daga New York zuwa Landan cikin ƙasa da awa biyu, kuma ranar 6 ga Maris, 1990, a tashinsa na ƙarshe, ya taso daga Los Angeles ya iso Washington cikin awa 1 da minti 4 da daƙiƙa 20, ya sauka a Dulles aka miƙa shi ga gidan tarihi.

Bi ta bayan wutsiyarsa kai tsaye, za ka shiga rumfar kumbuna, kumbon Discovery kuma na tsaye yana kallonka. A nan ya kamata ka fi daɗewa. Daga 1984 zuwa 2011 ya yi tafiya 39, jimillar kwana 365 a sararin samaniya, babu ɗan'uwansa da ya kai shi. Shi ya ɗauki madubin hangen taurari na Hubble a 1990. Shi aka fara tayarwa bayan tarwatsewar ɗan'uwansa Challenger, a 1988, haka kuma bayan tarwatsewar ɗan'uwansa Columbia, a 2005. A cikinsa ne Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya tafi a watan Yuni na 1985, ya zama Balarabe kuma Musulmi na farko da ya je sararin samaniya.

Masu gidan sun yi hikima da ba su wanke shi sun yi masa fenti ba. Yadda ya sauka haka aka bar shi. Tsuguna ka leƙa ƙarƙashin cikinsa: dubban tayil ne baƙaƙe, kowane da lambarsa a rubuce, domin kowane da gurbin da aka yanka shi dominsa. Wasu baƙi wuluk, sababbi ke nan da aka canza, wasu sun koɗe sun yi toka-toka da zane-zanen ƙuna, kamar gindin tukunyar da ta daɗe a kan murhu. Ka bi zanen da ido, zai nuna maka hanyar da wuta ta bi ta jikinsa lokacin da yake kutsowa cikin iskar duniya. Saman jikin kuwa, da za ka zata farin ƙarfe ne daga nesa, barguna ne masu ɗinki da ke tare zafi. Sannan ka tsaya a gaban fiffike ka dubi bakinsa mai ruwan toka. Wannan sashe ne ya fi shan zafi, wajen digiri 1,600. Irin wurin nan ne a fiffiken hagu na Columbia wani ɓallin soso ya fasa lokacin tashi, ranar dawowa kuma, 1 ga Fabrairu, 2003, zafi ya shiga ta ramin, mutum bakwai suka mutu. In ka zagaya baya, manyan bakunan inji uku da za ka gani ba cikakkun injina ba ne, hukumar NASA ta cire na ainihin don ta yi amfani da su a sabuwar rokarta. Ko da suna nan ma, ba su da aiki wajen sauka. Kumbon yakan sauko ne ba inji, da gudun fiye da kilomita 300 a awa, matuƙin kuma dama ɗaya gare shi, babu zancen a sake zagayowa.

Wani hanzari: a 2025 majalisar dokokin Amurka ta ware dala miliyan 85 don a mayar da wani kumbo birnin Houston, Discovery kuma ake nufi, lamarin da ya jawo ja-in-ja. Dama tun 2018 da aka fara gyaran gidan cikin gari ake ta kai kaya ana dawowa da su tsakanin gidajen biyu. Kafin ka fito, shiga shafin gidan na intanet ka tabbatar abin da ka fi so ka gani yana nan.

Kada girman Discovery ya hana ka ganin ƙananan da ke kewaye da shi. Nemi ɗan kumbon Mercury, wanda faɗin gindinsa bai kai mita biyu ba. Wannan bai taɓa tashi ba, an tanade shi ne don tafiyar ɗan sama jannati Alan Shepard ta biyu, aka soke ta a 1963, shi ya sa yake nan cikakke har da rokokin birki a ɗaure a gindinsa. Bakano yana da dalilin tsayawa a gabansa. Lokacin shirin Mercury, NASA ta kafa jerin tashoshi a faɗin duniya don bin sawun kumbo da magana da wanda ke ciki, a cikinsu akwai Kano da Zanzibar. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, da John Glenn ya kewaya duniya sau uku a cikin irin wannan gwangwani, tashar Kano na cikin waɗanda suka yi magana da shi. Glenn ɗin nan ne ya sake komawa sama a 1998 yana ɗan shekara 77, a cikin Discovery da ke bayanka. Akwai kuma wata tirela mai ƙyalli a gefe, wadda aka killace Armstrong da Aldrin da Collins a cikinta da suka dawo daga wata a 1969, don tsoron kada su zo da wata cuta da ba a sani ba.

Koma babbar rumfa ka hau gadar ƙafa da ta ratsa tsakiya. Za ta kai ka daidai gilashin hancin Enola Gay, har kana ganin kujerun matuƙa. Jirgin B-29 ne, tsawon fikafikansa mita 43, wato ya fi dukan nisan da jirgin Wright ya yi a tashinsa na farko, mita 37 cikin daƙiƙa 12. Tsakaninsu shekara 42 ce kacal. Kanar Paul Tibbets ya sa wa jirgin sunan mahaifiyarsa, kuma ranar 6 ga Agusta, 1945 ya jefa bom ɗin nukiliya a kan Hiroshima. Kafin ƙarshen shekarar, kimanin mutum 140,000 sun mutu. Harafin R da ke cikin da'ira a wutsiyarsa ba alamar rundunarsa ba ce, ta wata runduna aka ara don ɓad da sawu. Allon da ke gabansa ya yi ta bayanin inji da nisan zango, ya ambaci Hiroshima a taƙaice, bai kawo adadin mamata ba. An sha rigima a kan wannan: a 1995 matsin lambar ƙungiyoyin tsoffin sojoji da 'yan majalisa ya sa aka soke baje kolin da ya yi niyyar nuna ɓarnar bom ɗin, ranar buɗe wannan rumfa kuma wani mai zanga-zanga ya jefi jirgin da kwalbar jan fenti. A ganina shirun allon ya yi yawa. In kana tare da yara, kai za ka cike musu abin da aka bari.

A ƙarƙashin fikafikansa da kewaye akwai jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, wasunsu su kaɗai suka rage a duniya: Arado 234 na Jamus, jirgin jet na farko mai jefa bom, Dornier 335 mai farfela gaba da baya, da Seiran na Japan, wanda ake naɗe fikafikansa a cusa shi cikin jirgin ruwa mai nutso. Ka nemi Hurricane na Ingila da P-40 mai zanen bakin kifi. Ire-irensu sun san sararin ƙasar Hausa. A lokacin yaƙin, ana kawo su a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yau, a haɗa su, sannan a tuƙa su ta Legas, Kano, Maiduguri, El Fasher da Kartum har Alƙahira.

Ɓangaren jiragen fasinja shi ne inda dabarar zato kafin karatu ta fi daɗi, domin tsararraki ne a jere. Junkers 52 mai inji uku da jiki kwari-kwari da tayoyi a sake. Boeing 307, jirgin fasinja na farko da aka matse iska a cikinsa don ya iya tashi sama da hadari, shi kaɗai ya rage. Sai mai launin rawaya da ƙasa-ƙasa, Boeing 367-80, wanda ya fara tashi a 1954. Dubi yadda fikafikansa suka kwanta baya, injinan kuma na rataye a ƙarƙashinsu. Daga shi aka fitar da 707, irin wanda Nigeria Airways ya yi aiki da shi, kuma kusan duk jirgin da ka taɓa hawa zuwa Jidda ko Dubai wannan fasali ya gada. A 1955 matuƙin gwajinsa, Tex Johnston, ya juya shi ciki-sama a gaban taron jama'a a Seattle, shugaban kamfanin yana kallo.

Concorde na Air France yana kusa, ya yi tsawon da sai da aka gitta shi a rumfar. Wannan ne ya buɗe zirga-zirgar jiragen Concorde na kamfanin ranar 21 ga Janairu, 1976, daga Paris zuwa Rio, ya yada zango a Dakar. Kujeru 100 ne, gudunsa ninki biyu na sauti, Paris zuwa New York awa uku da rabi. Lura da ƙanƙantar tagoginsa: a tsayin kilomita 18, in taga ta fashe, ƙaramin rami ne zai ba matuƙi lokacin saukowa kafin iska ta ƙare. Tsadar mai, da ƙarar da ta sa ƙasashe suka hana shi gudun a kan ƙasarsu, da haɗarin Paris na 2000, su suka taru suka kwantar da shi a 2003.

Akwai wani abu da ke rataye a sama wanda kusan kowa ke wucewa, mai fikafikai biyu gaba biyu baya. Na Samuel Langley ne, wanda shi ne shugaban Smithsonian a lokacin. Ma'aikatar yaƙi ta ba shi dala 50,000, aka harba jirgin sau biyu daga kan wani kwale-kwale a 1903, sau biyun yana faɗawa kogin Potomac, na biyun saura kwana tara 'yan Wright su yi nasara. Duk da haka cibiyar ta shafe shekaru tana cewa jirgin shugabanta ne na farko da ke da ikon tashi. Haushin haka ya sa Orville ya aika nasu jirgin gidan tarihin kimiyya na Landan a 1928, bai dawo Amurka ba sai 1948, bayan cibiyar ta janye maganarta. Gidan tarihi ma yana da son kai, shi ya sa nake cewa ido ya riga allo.

Makanike kuwa, in ya isa jerin injinan da aka baje a gefen rumfa, sai an ja shi. An yanke wasu biyu ana ganin fistin da bawul a fili. Akwai Lycoming mai silinda 36 da ƙarfin doki 5,000, wanda bai taɓa hawa jirgi ba domin injin jet ya riga ya karɓe kasuwa.

Masu zagayawa da baƙi 'yan sa-kai ne, da yawansu tsoffin matuƙa da injiniyoyi, kuma ba a biya. Tambayi teburin maraba lokacin da za su fara. In ka samu wanda ya taɓa tuƙa abin da yake nunawa, ka yi masa tambaya takamaimai, irin yaya ake tayar da injin, ko me ya fi ba shi tsoro wajen sauka. Hoto kuma daga kan gada ya fi kyau, ka sa mutum a ciki don girman jirgin ya fito.

Akwai wurin cin abinci a ciki, sai dai mai kiyaye halal ya tambaya kafin ya saya, ko ya ci ya ƙoshi tun daga gida. Ranar Juma'a, babban masallacin ADAMS yana garin Sterling, arewa da filin jirgin, tafiya kaɗan ce a mota. Silima da na'urorin kwaikwayon tuƙi na kuɗi ne. Yara za su nace, amma ka bar su sai ƙarshe, in ba haka ba layi ya cinye muku safiya.

Wuri biyu suka rage, kuma kowane da lokacinsa. Rumfar gyara, inda ake kallon ma'aikata ta gilashi daga bene suna kwance tsofaffin jirage suna tsabtace su sashe-sashe, a ranakun aiki take da rai, Asabar da Lahadi sai dai ka ga kaya a shimfiɗe. Hasumiyar kallo kuma, mai tsayin mita 50, da lifta ake hawa, kuma akan tsayar da layinta kafin lokacin rufe gidan, don haka ka hau kafin ƙarfe huɗu. Da yamma ne jiragen Turai ke sauka a Dulles ɗaya bayan ɗaya, kana ganin tayoyinsu a sake suna wucewa ta gabanka. Idan kuma tsakanin jirgi da jirgi ka fito, ka ware aƙalla awa uku na kallo, ka bar manyan jakunkuna a wurin kamfanin jirginka, ka kama hanyar komawa da sauran awa uku kafin tashinka, domin layin bincike a Dulles da yamma yana da tsawo.